Mun Kai Tsohuwar Kwamfutar Makarantarmu Titin Beirut

Ranar Asabar da hantsi muka ɗauko ta daga ɗakin kwamfuta, mu uku 'yan kulob da malaminmu, muka naɗe ta da tsohon labule muka tare adaidaita sahu. Kwamfutar tebur ce, kuma a shekaru ta girme mu duka ukun. Ita kaɗai ta rage tana tashi, ita ce 'yan ajin ƙarshe ke yi wa layi don gwajin JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta. Matsalarta nauyin jiki: sai ka danna abu ka je ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba. Ɗayanmu ya ga bidiyon wata dabara da ake kira obakulokin, wato tilasta wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta, ya dage mu gwada. Malam ya ce ba za mu yi gwaji da kwamfutar da mutum arba'in ke jira ba, sai dai mu je wurin masu sana'ar.

Titin Beirut yana tsakiyar hada-hadar kasuwancin Kano, ba nisa da Kantin Kwari. Sunan babban birnin Lebanon ne, abin da ke tuna wa mutum Kwarorin da suka daɗe suna fatauci a wannan yanki. Yau kayan lantarki ne suka cika shi. Tun daga bakin titi janareta ke kuka ta ko'ina, ga kwalayen firinta an jibge a ƙofar shaguna, ga samari na tare ka da "Me ake nema, Alhaji?" ko da kuwa kayan makaranta ne a jikinka. Shagunan gaba na sababbin kaya ne, masu gilashi da fanka. Masu gyara suna can ciki, ta wani lungu da sai an karkata kafaɗa.

Shagon da muka shiga bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Madabod rataye a ƙusa kamar kilishi, furosesoshi cike da gwangwanin madara, yaran shago biyu suna kiran maigidan Oga. Bai saurari zancen gudu ba sai da ya kwance murfin. Abin da muka gani ya ba mu kunya. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke zuƙe zafi daga furosesa, ta zama kamar auduga. Ya miƙa wa yaronsa ya fita da ita waje ya busa da bulowa, har mai shayin da ke gefe ya rufe kofunansa yana mita.

"Samari, ku matso ku gani," in ji shi. Ya fara taɓa ƙarfen akwatin da hannu, ya ce lantarkin da ke taruwa a jikin mutum, irin wanda ke tartsatsi in ka cire rigar sanyi, ya isa ya kashe furosesa. Ya ɗaga ɗan hannun ƙarfe, ya zaro ta. Ba ta kai faɗin kwalin ashana ba. Gurbin da take zama sunansa LGA 775, kamfanin Intel ya fito da shi a 2004, kuma 775 ɗin adadin 'yan siraran allurai ne da ke cikin gurbin. Guda ɗaya ta lanƙwashe, madabod na iya tashi daga aiki. Wannan shi ne abu na farko da muka koya: ba kowace furosesa ke shiga kowace kwamfuta ba. Sai gurbi ya dace, kuma sai BIOS, wato 'yar manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows, ta san sabuwar baƙuwar.

Tamu Pentium E2180 ce, mai ƙwaƙwalwa biyu, gudunta gigahaz 2. Oga ya zazzage gwangwaninsa ya zaɓo Core 2 Quad Q6600 ta hannu, mai ƙwaƙwalwa huɗu da gigahaz 2.4. Da ta fito a farkon 2007 sai mai hali ke sayenta. Yau Malam ya yi ciniki a tsaye ya biya daga kuɗin kulob. Aka daidaita alamar kusurwa, aka ajiye ta a hankali ba tare da dannawa ba, aka ɗiga mata farin maiko kamar ƙwayar wake. Maikon nan shi ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Tsohon da ke kai ya bushe ƙamas.

Kwamfuta ta tashi, kuma ko a buɗe shafi mun ga bambanci. Amma abokinmu mai bidiyo bai haƙura ba. Oga ya yi dariya, ya shiga BIOS, ya ce mu fito da biro. Gudun wannan furosesa, in ji shi, lissafin firamare ne: agogon madabod yana bugawa megahaz 266, ita kuma tana ninkawa sau 9, ya ba da kusan 2,400, wato bugu biliyan 2.4 a daƙiƙa ɗaya. Ba a iya ƙara 9 ɗin, kamfani ya kulle shi. Amma madabod ɗinmu ta yarda a taɓa 266. In ka mai da shi 333, ka ninka da 9, ka samu gigahaz 3, ba ka biya ko sisi ba. Ya ƙara da cewa yawancin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su na hannu ba su da wannan ƙofa a BIOS ɗinsu sam, tamu ta samu ne don haɗin gida ce.

Ya saita 333, ya kunna manhajar da ke ɗora wa ƙwaƙwalen huɗu aiki gaba ɗaya, da wata mai nuna zafi. Muka zuba ido. Digiri 60, 70, fanka ta fara ihu kamar injin markaɗe. Lamba ta haura 80. Ba a yi minti goma ba allo ya daskare, da aka sake kunnawa kuma ya ƙi nuna komai. Abokinmu ya yi tsuru-tsuru, Malam ya cire hula ya share gumi. Oga ko a jikinsa. Ya zare wuta, ya ɓalle wani batir mai kama da kwabo a jikin madabod, ya jira kaɗan ya mayar. BIOS ta manta abin da aka saita, kwamfuta ta dawo kan 2.4.

Laifin na zafi ne. Ko ba a matsa mata ba, irin Q6600 da muka saya an ƙiyasta mata wat 95, kuma duk wutar da ta sha zafi take komawa. Ƙarin gudu ƙarin zafi ne, in an ƙara mata ƙarfin wuta don ta tsaya daram kuma abin ya ninku. "Wanda kuka gani a bidiyo," in ji Oga, "ɗakinsa da sanyi, fankarsa ta kai tukunya. Ku ajinku rufin kwano ne, a watan Afrilu Kano tana haura digiri 40, wuta kuma a kawo a ɗauke." A ganinmu nan ya fi gaskiya: kwamfutar da ta daskare ana tsakiyar gwajin jarrabawa ta fi mai nauyin jiki cutarwa.

Bai hana mu gaba ɗaya ba. Ya hau a hankali, 280, sannan 290, yana gwadawa a kowane mataki, yana kuma rage saitin ram don gudunta yana tashi tare da agogon. A 300, wato gigahaz 2.7, ta yi rabin awa ba ta yi gardama ba. Ya rubuta lambobin a takarda ya manna a cikin murfi, ya ce mu bar ta a 2.4 har damina ta sauka, sannan mu ɗaga in muna so. Ragowar kuɗinmu ya sa muka ƙara ram ta kai gigabait 4, iyakar abin da madabod ɗin ke ɗauka. Ya ce in kulob ya sake tara kuɗi mu sayi SSD a madadin tsohon faifan ajiya, za mu ga saurin da ya fi na obakulokin.

An kira la'asar muna fitowa daga lungun. Tsohuwar Pentium tana aljihun abokinmu, naɗe a takarda, ya ce zai nuna wa 'yan aji ɗaya ranar Litinin. Mai adaidaita ya kalli ƙunshin labulen ya ce sai mun biya kuɗin kaya.