Daga Kano Zuwa Shenzen: Inda Aka Auna Kunnena

Ɗan'uwa, ka ce in na dawo in ba ka labarin ƙasar Sin, to ga shi. Ka san abin da ya fitar da ni, sarin kayan waya ne: caja, batir, da iyafis irin wanda muke sayarwa dozin-dozin a kasuwar waya ta Farm Centre. Sari ya yi kyau, alhamdu lillahi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani ɗan ƙaramin ɗaki ne a birnin Shenzen, inda na ga mutum yana ƙera iyafis da hannunsa a kan teburin cin abinci, kuma ba don sayarwa ba.

Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa, sannan muka ɗauki doguwar hanya ta wajen awa goma zuwa Gwanzu. Ƙafa ta kumbura, barci ya rikice, wannan kowa ya sani. Na sauka a unguwar Xiaobei, wadda ake furtawa Shawbe, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi taruwa. Nan ka ji Hausa, can ka ji Ibo, gaba kaɗan Bambara, ga gidajen abincin Musulmin Sin da rubutun Larabci a ƙofa. A nan aka haɗa ni da wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatun injiniya, wanda ya iya yaren Sin kamar a can aka yanke masa cibi. Shi ya zama tafintana. Da muka gama lodin kaya sai ya ce, "Yaya, in ka koma gida ba ka ga Huaqiangbei ba, ai kasuwar waya ba ka gan ta ba tukuna."

Jirgin ƙasa mai gudu muka hau daga tashar kudancin Gwanzu. Tafiyar ta haura kilomita 100, amma cikin kusan rabin awa muka isa Shenzen, shayin da na saya ko hucewa bai gama yi ba. Shenzen gari ne da ke kan iyaka da Honkon. A 1980 gwamnati ta ware shi a matsayin yankin tattalin arziki na musamman, yau kuma mutanen cikinsa sun haura miliyan 17. Huaqiangbei, ko Hwacanbe yadda kunnena ya ji, unguwa ce guda ta benaye cike da kayan lantarki. A tsakiyarta akwai ginin SEG mai hawa sama da 70, kasuwar da ke ƙasansa kuwa tun 1988 take ci. Mu a wajenmu shago waya yake sayarwa ko ya gyara. A can kayan cikin wayar ake sayarwa, ɗaya-ɗaya ko dubu-dubu a naɗe a faifai, kuma yawancin shagunan kanta ce ta gilashi da faɗinta bai wuce mita guda ba. Na yi shekaru ina cin abinci da waya, amma rabin abin da ke cikin kantocin nan ban san sunansa ba.

A gaban wata irin wannan kanta muka tsaya. Cikin tire an jera wasu 'yan akwatunan ƙarfe, wasunsu ba su kai ƙwayar wake ba, amma kuɗin guda ɗaya ya fi na dozin ɗin iyafis ɗin da na saro. Wani saurayi na zaɓa da hantsaki. A kunnensa akwai wani abu garai-garai kamar gilashi da ya cike ramin kunnen tsaf, kana hango 'yan wayoyi a ciki. Na ɗauka na'urar masu matsalar ji ce, har na ce wa ɗalibin ya ɗaga murya in zai yi masa magana. Ashe ban yi nisa da gaskiya ba, domin waɗannan 'yan akwatuna ƙananan lasifikoki ne, asalinsu don na'urar taimaka wa ji aka ƙera su. Kamfanin Knowles na Amurka da Sonion na Denmak su ne manya a harkar, yanzu kuma kamfanonin Sin ma suna yin nasu. Cikin kowane akwati akwai ɗan siririn ƙarfe da ke tsaye daidai tsakanin maganaɗisu biyu, da kwayil kewaye da shi. In sauti ya shigo a matsayin lantarki sai ƙarfen ya yi rawa, ya motsa wani ɗan falle, amo ya fito ta bakin bututu.

Saurayin ma'aikacin kwamfuta ne, wannan kuwa aikin sha'awa ne da yake yi da daddare. Shi ya ba mu tarihin abin muna tsaye. Mawaƙa a kan dandamali suna fama da rashin jin kansu saboda ƙarar manyan lasifikoki. A 1995 wani injiniyan sauti mai suna Jerry Harvey ya haɗa wa Alex Van Halen, makaɗin gangunan ƙungiyar Van Halen ta Amurka, iyafis da aka zuba daidai kunnensa, mai lasifika biyu a ciki. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. A yau irin wannan iyafis, in kamfani ne ya yi maka, daga ɗaruruwan daloli ne har sama da dubu biyu. Masu sha'awa sai suka lura cewa kayan cikin ana samunsu a kasuwa, abin da ya rage haƙuri ne da hannu mai natsuwa. Da ya ga yadda nake jero tambayoyi sai ya ce in ina so zai yi mini nawa, ni dai in biya kuɗin kaya.

Matakin farko ba a gidansa aka yi ba, kuma ya nanata wannan sosai. Ya kai ni wani shagon na'urorin ji, inda wata ma'aikaciya da ta koyi aikin ta haska kunnena ta tabbatar babu datti ko ciwo. Ta tura ɗan soso mai zare can ciki, ya wuce lanƙwasa ta biyu ta ramin kunne. Ni ban taɓa sanin ramin kunne yana da lanƙwasa ba, balle har biyu. Soson shi ke tare hanya kada abin da za a zuba ya kai ga dodon kunne, shi ya sa ba a yarda mutum ya yi wa kansa a gida ba. Ta ba ni wani ɗan kumfa na ciza, domin ramin kunne yana sauya siffa in baki ya buɗe, mai waƙa kuwa bakinsa a buɗe yake. Sannan ta ɗura silikon mai sanyi da sirinji har ya cika kunnuwan biyu. Ɗan'uwa, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ina ganin motoci ta taga, ina ganin bakin ɗalibin yana motsi, amma abin da nake ji bugun zuciyata ne da haɗiyar yawuna. Bayan 'yan mintuna ta murɗo su a hankali. Na riƙe siffar cikin kunnena a tafin hannu, na dama da na hagu, kuma ba su yi daidai da juna ba. Duk tsawon shekarun nan rigar kanti nake sa wa kunnena, ranar ce tela ya fara auna shi.

Gidan saurayin yana cikin irin unguwannin da benaye suka matsu har maƙwabta za su iya gaisawa da hannu ta taga. Muka cire takalma, mahaifiyarsa ta kawo shayi ba sukari ba madara. Da lokacin sallar Magariba ya yi, ba su san komai game da ita ba, amma suka janye kujera suka ba mu wuri. Kayan aikinsa duka a akwati ɗaya suke. Ya datse siffar silikon ɗin, ya goge kaifinta, ya tsoma ta cikin narkakken kaki don ta yi sumul. Ya sa ta a ɗan kofi, ya zuba mata ruwan agar, wani abu da ake samu daga ciyawar teku wanda in ya huce yake daskarewa kuma haske na ratsa shi. Da ya zare siffar sai ga ramin kunnena a cikin kofi. Cikin ramin ya zuba ruwan roba wanda ba ya daskarewa sai hasken ultrabayolet ya taɓa shi, ya rufe saman da baƙin murfi, ya tura kofin ƙarƙashin fitila. Fitilar kuwa irin wadda mata ke busar da jan farce ce, ba wata na'urar masana'anta ba. Haske yana shiga ta gefe, don haka robar da ke jikin bango ce ke fara ƙanƙarewa. Yana kallon agogo, ya ciro kofin, ya tsiyaye ruwan tsakiya da bai daskare ba, sai ga ɓawo siriri mai rami. Ya cika shi da gilisarin, wanda muke shafawa lokacin hunturu, ya mayar ƙarƙashin fitila, saboda iska tana hana fuskar robar bushewa, sai ta yi danƙo. Ɓawon farko ya fito da kumfar iska a wuya. Bai ce komai ba, ya ajiye shi gefe ya sake zuba wani.

Sauran aikin ya ci wasu darare, ni kuma na riƙa zuwa bayan na ci taliyar Lanzhou a gidan abincin Musulmi da ke bakin layinsu. Lasifika uku ya sa wa kowane kunne: ɗaya na amo mai kauri, biyu na murya da siraran sautuka. Wani ɗan kafasito ne ke raba musu aiki, ya hana amo mai kauri zuwa wajen mai siririn sauti. Wurin liƙa waya a jikin lasifikar bai fi kan allura ba, kuma in ƙarfen narka dalma ya daɗe a kai, zafi ya kashe ta, kuɗi sun tafi. Daga bakin kowace lasifika bututun roba ne ke kai sauti zuwa kunne, kuma tsawonsa da faɗinsa suna sauya amo. Cikin bututun yakan cusa wani ɗan matacin sauti da ake ganewa da launi: fari, ruwan ƙasa, kore, ja, kowanne ya fi wanda ya gabace shi danne kaifin ƙara. A nan sha'awar take. Sai ya sa kore, ya auna a kunnen roba mai makirfo da ke jone da kwamfuta, ya saurara da nasa kunnen, ya girgiza kai, ya cire ya sa ruwan ƙasa. Ya tambaye ni me nake yawan saurare, na ce karatun Alƙur'ani da kiɗan kalangu, sai ya rage kauri ya fito da murya gaba.

Daren da ya liƙe murfi ya shafe shi da man ƙyalli, na murɗa su cikin kunne suka zauna daram. Na kunna tsohon faifan Mamman Shata da ke wayata, wanda na ji sau ba adadi, sai ga kalangai sun rabu, ina jin kowanne daban, ina jin jan tsarkiya. Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa a jirgin ƙarƙashin ƙasa ne. Da yake iyafis ɗin ya toshe hayaniyar waje, ban kai ƙarar wayar ko rabin inda na saba ba. Mu a gida janareto ne da hon da lasifikar biki ke sa mu ƙure ƙara, kunne kuma ba ya warkewa in ya lalace ta wannan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti. Na tuna mawaƙanmu na biki da ke kwana gaban lasifika, da yaran da na sayar wa iyafis mai araha suna tafe a bakin titi sauti na fita har mai wucewa ya ji.

Na kuma tuna yaran gyaran waya na layinmu. Wanda ke ɗaga ɗan guntun da ke jikin allon waya ƙarƙashin madubin ƙara girma ya mayar da wani, wallahi liƙa waɗannan wayoyi ba zai gagare shi ba. A ganina hannun muna da shi. Abin da suka fi mu shi ne kasuwar kaya a bayan gida, da kuma sararin da mutum zai ɓata dare yana ƙera abu don kawai yana son ya ji yadda zai fito.

Kafin in taso na sayi 'yan lasifikoki masu sauƙin kuɗi don koyo, da bututu, da mataci kala-kala, da fitilar farce. Ruwan robar ba ya shiga jakar hannu, sai na haɗa shi da kayan kago. Siffar kunne kuma sai mun nemi masu aikin ji, ina tunanin fara tambaya a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Na tambayi saurayin ko ranar Kano za ta iya maye gurbin fitila in an ɗauke wuta. Ya ce za ta daskarar da robar, har cikin kwalba ma in an bar ta a buɗe, don haka a ɓoye ta a duhu. Amma kaurin ɓawon da daƙiƙa ake auna shi, rana kuwa ƙarfinta na safe daban da na azahar, saboda haka gara in tanadi batir don fitilar.