Kaye Goma Sha Bakwai da Rabi

Ranar da na fara jin ɗana yana cewa wani ɗan wasa ya yi kaye goma sha bakwai da rabi, sai da na ƙware da shayi don dariya. Ni a kokawar da na sani tun ina yaro, ko dai ka kai mutum ƙasa, ko kuwa ba ka kai shi ba. Rabin kaye kuma na mene ne? Yaron ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Baba, in mutum biyu suka taru suka kayar da shi, ai rabawa ake yi." Na ce to, Allah ya kyauta, ashe har kaye ana rabonsa kamar naman watanda.

Shekarata goma sha tara a Sinsinati, cikin jihar Ohayo ta Amurka, kuma a nan aka haifi yaron. Da ya shiga shekara goma sha biyu sai na lura Hausarsa tana zubewa, hirarmu ta koma "ka ci abinci?" da "ka yi salla?". Abu ɗaya ne ke sa shi magana har ya manta kansa, wato ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular kwano ana ture-ture. Sai na kafa masa sharaɗi: zan riƙa zama muna kallon wasan ƙungiyar garinmu, Bengals, amma duk gardamar da za mu yi da Hausa za mu yi ta. Haka muka dinga laƙaba wa abubuwa suna.

Ga wanda bai san wasan ba, kowace ƙungiya mutum 11 take sawa a fili. A ɓangaren masu kai hari akwai mai jifa, wanda duk dabarar wasan ke hannunsa. Ƙarti biyar ne suke tsayawa a gabansa kamar katanga, kowannensu ya kai kilo 140 ko kusa da haka. A ɗaya ɓangaren akwai wanda muka sa wa suna mafarauci. Aikinsa ya keta katangar nan ko ya zagaye ta, ya cim ma mai jifa kafin ƙwallo ta bar hannunsa, kuma abin da yake da shi bai wuce daƙiƙa uku ba. In ya kai shi ƙasa da ƙwallo a hannu, ya yi kaye. Tun 1982 hukumar NFL take ƙirga kaye a hukumance, kuma da wannan adadi ake fara auna darajar mafarauci.

Namu mafaraucin a lokacin shi ne Trey Hendrickson, mai lamba 91, wanda ko safar hannu ba ya sawa komai sanyi. New Orleans Saints ce ta ɗauke shi a 2017. A 2021 ya zo Bengals a kan kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 60, ya yi kaye 14 a kakar farko, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na Super Bowl, inda Los Angeles Rams ta doke mu da ci 23 da 20. A 2023 ya yi 17.5. A 2024 ya sake yin 17.5, babu wanda ya kai shi a duk NFL. Albashin da ke jiransa a 2025 kuwa kusan dala miliyan 16 ne, alhali a watan Maris na shekarar Cleveland ta amince ta riƙa biyan Myles Garrett miliyan 40 a shekara. Hendrickson ya ce a sake zama, ya ƙaurace wa atisaye. Garin ya rabu biyu, gidanmu ma ya rabu biyu.

Ni na tsaya a bayan masu ƙungiya. Aikina ke nan, lissafi. Shekara goma sha shida ina riƙe da littafin shige da ficen kaya a wani kamfanin ajiya da rarrabawa, don haka na jero wa yaron hujjojina kamar mai karanta rasit.

Na farko, shekaru. An haifi Hendrickson a watan Disamban 1994, ya riga ya cika talatin. Sana'arsa kuwa ta tsinin gudu ce da lanƙwasa ƙugu, abubuwan da suke fara barin mutum tun bai ankara ba. Wanda zai sa hannu a kwantiragin shekara huɗu yana sayen shekara ta 31 zuwa ta 34 ne, kayen jiya an riga an biya kuɗinsa.

Na biyu, kaye yana da ruɗi. Mafarauci yakan kai farmaki sau ɗaruruwa a kaka mai wasa 17, sai a ɗauki goma sha wani abu a ce su ne aikinsa. Wani kayen ma kyauta ce, abokin wasanka ne ya koro maka mai jifa ya faɗo hannunka. Ga kuma masu sharhi da ke cewa in abokan hamayya suka zaɓi gudu da ƙwallo maimakon jifa, Hendrickson bai kai Garrett tare hanya ba. Na tuna wa yaron cewa duk da kayen nan, a 2024 wasa tara muka ci, aka cinye mu takwas, ko zagayen fitar da gwani ba mu shiga ba.

Na uku, tukunya ɗaya ce. A NFL akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, kuma a 2025 dala miliyan 279.2 ce, 'yan wasa 53 ke ci a ciki. Mai jifarmu Joe Burrow yana kan kwantiragin miliyan 275 na shekara biyar. A watan Maris an ba Ja'Marr Chase miliyan 161, an ba Tee Higgins miliyan 115, kowanne na shekara huɗu. Duk ludayin da aka ƙara wa wani, daga kwanon wani aka ɗebo.

Yaron bai yi gaggawa ba. Ya yi kwana biyu yana latse-latsen waya, sannan ya zo da nasa. Ya ce sa'a takan zo sau ɗaya, amma mutumin da ya yi kaye 57 cikin kaka huɗu ba sa'a ke ɗauke da shi ba. Ya ce a 2024 duk ƙungiyar kaye 36 ta yi, kusan rabi na mutum ɗaya ne, ma'ana kowa ya san ta inda haɗari zai fito, ana yi masa taron dangi, amma bai fasa isa ba. Ya nuna mini hoton wani wasa, ya tsayar da shi, ya ce, "Duba nan, Baba. Bai taɓa mai jifa ba, amma ya sa shi jifa a firgice. Wannan ba a rubuta masa a kaye." Da watan Yuli ya zo, Pittsburgh ta ba T.J. Watt miliyan 123 na shekara uku, sai ya shigo ɗaki da gudu. Watt ɗan 1994 ne shi ma, kuma kayensa 11.5 ne a 2024. "To ina maganar shekarun?"

A nan na gane ashe ba mu ma kama bakin zaren rigimar ba. Jaridun wasanni sun yi ta ruwaito cewa abin da ya fi raba Hendrickson da Bengals shi ne kuɗin lamuni. A NFL, babban adadin da ake shelantawa ba duka ne ke shiga aljihun ɗan wasa ba. Abin da aka rubuta cewa an lamunce shi ne nasa ko ya ji rauni ko an sallame shi, sauran kuwa ƙungiya tana iya yaga takarda ta huta. Bengals an san ta da ƙin lamunce albashin da ya wuce shekarar farko, in ban da 'yan ƙalilan irin su Burrow. Hendrickson kuma ya san ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Wani dare cikin watan Agusta muna cin tuwo, na sake maimaita masa cewa kamfani ba gidan sadaka ba ne, mai hankali ba ya ɗaure kansa da tsoho. Mamansa tana jin mu ba ta ce komai ba. Sai yaron ya ajiye cokali, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Baba, kai shekarunka hamsin da uku. In wurin aikinku suka ce maka haka, daidai ne?"

Lomar da ke bakina ta ƙi wucewa. Abin da bai sani ba, wanda mamansa ma ba ta sani ba, shi ne akwai takarda a aljihun rigar sanyina da ta yi mako uku a ninke. Kamfaninmu ya canja hannu. Sababbin masu shi sun ba wasunmu, mu da muka daɗe, zaɓi: mu bar matsayin ma'aikatan dindindin mu koma kwantiragin shekara ɗaya da ɗan ƙarin albashi, ko mu jira abin da gyaran fuska zai zo da shi. A ƙasar nan inshorar lafiyar gidanka tana rataye ne da aikinka. Na ɓoye takardar saboda kunya, kuma ina jin duk zafin da nake yi wajen kare Bengals, kaina nake lallashi cewa abin da aka yi mini hankali ne, ba wulaƙanci ba.

A daren na fito da ita na shimfiɗa a tebur. Mamansa ta karanta, ta ce, "Malam, mako uku?" Ban da amsa. Yaron kuwa ya ɗauko biro ya ce mu yi lissafi irin na Hendrickson. A wurin aikinmu, na'ura tana ƙirga yawan kayan da kowa ya shigar a awa, kuma a wannan ma'auni samari sun fi ni. Ya ce wannan shi ne kaye, yanzu mu rubuta abin da ba a ƙirgawa. Muka rubuta sababbin ma'aikatan da na koya wa aiki, da motocin da na tsayar kafin su tashi da kayan da ba nasu ba, da daren da kwamfuta ta mutu na fitar da kaya da takarda da biro har asuba. Shafi ya cika. Ni da nake taƙama da lissafi, ban taɓa yi wa kaina shi ba.

Kada a ɗauka ina haɗa kaina da Hendrickson. Abin da yake samu a wasa ɗaya, ba zan same shi a shekara goma ba, kuma ba ya bukatar tausayin kowa. Amma tambayar da ke gabansa ita ce ke gabana. Kowa ya yarda mun yi aiki. Kowa kuma ya san jiki yana da ranarsa. Saura a san wanda zai ɗauki asarar in ranar ta zo, mai aiki ko mai biya.

A ƙarshen watan Agusta aka sasanta. Bengals ta ƙara masa miliyan 14, albashinsa na 2025 ya zama miliyan 30, amma ba ta ƙara ko shekara ɗaya ba. Bayan 'yan kwanaki Dallas ta tura Micah Parsons, mai shekara 26, zuwa Green Bay, inda ya sa hannu a kan miliyan 188 na shekara huɗu. Kasuwar ta faɗi abin da take nufi da ƙuruciya.

Ni ma a makon na shiga ofis da shafina. Ban nemi ƙarin albashi ba. Na ce a bar ƙarin, a rubuta mini cewa in ba a sabunta kwantiragin ba za a biya ni albashin wata shida, a kuma ci gaba da inshorar gidana na tsawon lokacin. Matar da ke kula da ma'aikata ta karanta shafin har ƙasa, ta ce ba ta san ni ne na fitar da kaya a daren nan ba. Bayan kwana goma suka dawo da wata uku. Na sa hannu. Ban sani ba ko na yi arha, amma wata ukun nan a rubuce suke.

Da kakar ta yi nisa, rauni a ƙugu ya kama Hendrickson, bai buga ko rabin wasannin ba. Ranar da labarin ya tabbata cewa ya daɗe a waje, muna zaune a falo, yaron sanye da rigarsa mai lamba 91. Kalmar "ka gani?" ta zo har bakina. Ai na faɗa, shekara talatin ba wasa ba ce, kuma da Bengals ta lamunce masa shekara uku da yanzu tana cizon yatsa. Sai dai raunin nan shi ne kuma ainihin abin da mutumin ya hango tun watan Maris, shi ya sa ya nace a rubuta masa. Ya tabbatar da hujjata, ya tabbatar da ta yaron, a rana ɗaya.

Don haka in aka tambaye ni yau ko Hendrickson ya cancanci babban kwantiragi, zan ce ya cancanta, kuma zan ce na fahimci wanda ya ƙi ba shi. Da a ce ni ke riƙe da littafin Bengals, shekara biyu zan lamunce masa, in san cewa wataƙila ta biyun asara ce, in ɗauke ta a matsayin kuɗin shekarun da ya yi yana ba ni aikin miliyan talatin a farashin rabinsa. Watanni kaɗan da suka wuce, da na kira wannan sakarci.

Na haɗiye "ka gani?" ɗina. Yaron ne ya yi magana, idonsa a kan talabijin. Ya ce, "Baba, naka kwantiragin yaushe zai ƙare?" Na ce watan Satumba. Ya gyaɗa kai, ya ce to mu fara sabon shafi tun yanzu, kada mu manta da komai. Ya tashi ya ɗauko biro.