Rumbun da raguna biyu suka saya

Bayan girbi mahaifina ya sayar da raguna biyu da buhun wake uku, ya danƙa mini kuɗin a tsakar gidanmu a Issawane. Da ya tambayi ma'anar rumbun bayanai, na ce masa tamkar rumbun gero ne, sai dai kalmomi ake zubawa. "To, a kiyayi gara," in ji shi.

Kwana biyu na yi ina ciniki a kasuwar Maradi. Mai shago ya dage kan wata kwamfuta mai ƙyalli, ni kuwa na kafe kan tsohuwar ThinkPad mai RAM giga 16 da ma'adanar SSD, domin FLEx, manhajar SIL ta tsara ƙamus, tana wahalar da raunanniyar na'ura, balle a haɗa ta da ELAN ɗauke da hirar awa guda. Batirin ma a gabansa na gwada. A gida caji sai wurin mai sola.

Garar ta ɓullo inda ban zata ba. Rumbun da na gina da SQLite ya jefa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ can bayan z, saboda lambobinsu a Unicode sun ɗara na sauran haruffa. "Ƙasa" ta yi hannun riga da "kasa". Ƙarfin injin bai hana wannan ba, sai da na kwana uku ina koya masa jerin abacada ta Hausa.

Yanzu muryar kakata tana ciki, da "munka" da "hwari" yadda take furta su. Mahaifina kuwa har yau tambayarsa ɗaya ce: rumbun ya cika?