Ba Kowane Ƙari Ne Ciwon Daji Ba

A harshenmu kalma ɗaya muke da ita, wato ƙari, ga duk tsiron da ya fito cikin jiki ba bisa ƙa'ida ba. Likitoci kuwa sun kasa shi gida biyu: akwai mugu mai cin naman da ke kewaye da shi, ya kuma bi jini ya yaɗu, shi ne ciwon daji, akwai kuma mai zama inda ya tsiro, yana girma a hankali ko ma ya tsaya cak. Da yake sunan ɗaya ne a bakinmu, da zarar an ce an ga ƙari a huhun mutum, sai gida ya ɗauki makoki tun mai shi yana da rai.

Na ga haka a kan kawuna. Faɗuwa ya yi daga babur, aka ɗauki hoton ƙirjinsa don duba haƙarƙari, sai ga wani ɗigo mai girman kanya a huhunsa na dama. Ba ya tari, ba ya rama, bai taɓa shan taba ba. Amma cikin mako biyu ya daina cin abinci, ya fara barin wasiyya. Wasu dangi suka ce tarin tibi ne, wasu suka ce sammu. Ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, kai ka yi boko. In tafiya ce ka gaya mini in shirya." Na ce, "Kawu, kama da wane ba ta wane. Mu bari a gama bincike."

Hoton siti-sikan ya nuna kitse a cikin ɗigon, da wasu burbushi masu tauri masu siffar gugguru. Wannan ita ce alamar hamatoma, ƙari marar yaɗuwa da aka fi samu a huhu. Guringuntsi ne da kitse da zaren nama suka cure wuri ɗaya. Yawanci ba ya kai santimita 4, an fi ganinsa a maza manya, kuma galibi sai ana neman wani abu daban ake tuntuɓe da shi. Likita ya ce a riƙa maimaita hoto, domin ɗigon da ya shekara 2 bai ƙaru ba, da wuya ya zama daji. Na Kawu bai motsa ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka sakaci nake kira gare shi. Ƙarin da ya tsiro cikin hanyar iska, ko da ba daji ba ne, yana iya toshe ta: numfashi ya riƙa fito kamar na mai asma, nimoniya ta yi ta dawowa wuri ɗaya, wani lokaci a yi tarin jini. Akwai kuma fafiloma, wadda ƙwayar cutar HPV nau'i na 6 da na 11 ke haddasawa a maƙogwaro, har ta dushe muryar yaro ta ƙuntata masa numfashi. Irin waɗannan ana cire su, sau da yawa da siririn bututu mai fitila da ake zurawa ta baki, ko da yake fafiloma kan sake tsirowa.

Roƙona biyu ne. Likitocinmu su daure su yi bayani da Hausar da tsoho zai fahimta, kada a bar shi da kalma ɗaya ta hana shi barci. Mu kuma mu koyi tambaya: wane iri ne, yana girma, yaushe zan dawo? A yi gwajin majina kafin a ɗora mutum kan maganin tibi na wata 6, a kuma koma asibiti ranar da aka ce a koma. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.