Baƙo Raɓa Ne, Ɗan Gari Kaba

Ran Lahadi, 26 ga watan Disamba na shekarar 2004, wajen ƙarfe 8 na safe, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku, yamma da tsibirin Sumatra na ƙasar Indunusiya. Ƙarfin girgizar ya kai maki 9.1 a ma'aunin masana, har ya ɗaga gindin tekun sama, ruwan da ke bisansa kuwa ya tunkuɗo zuwa gaɓa kamar bango mai tafiya. Irin wannan igiyar ruwa ita ce Japanawa ke kira tsunami, sunan da duniya duka ta ara. Kafin rabin sa'a ta faɗa wa Banda Aceh, babban birnin lardin Aceh, sa'an nan ta isa Tailan da Siri Lanka da Indiya, ta ƙetare teku har Somaliya. Mutum wajen 230,000 suka hallaka a ƙasashe 14. A Indunusiya kaɗai, waɗanda suka mutu da waɗanda aka nema aka rasa sun kai wajen 167,000, kusan dukansu a Aceh, fiye da mutum 500,000 kuma suka rasa wurin kwana.

Da labari ya bazu, tausayi ya kama duniya irin yadda ba a saba gani ba. Kuɗin da aka yi alkawari ya haura dala miliyan dubu 13, har ta kai ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, tun a farkon Janairu na 2005, ta roƙi jama'a su dakata da aiko mata da kuɗi da sunan wannan bala'i, domin abin da ta samu ya ishe ta. Amma akwai waɗanda aika kuɗi bai kwantar musu da hankali ba. Likita ya nemi hutu a asibitinsu, magini ya ajiye kwangilarsa, ɗalibi ya fasa asusunsa ya biya kuɗin jirgi, duk suka nufi gaɓar da ba su taɓa jin sunanta ba kafin ranar. Aceh kuwa a lokacin kusan rufe take ga baƙi, saboda yaƙin da ake yi tun 1976 tsakanin gwamnati da 'yan awaren GAM, da kuma dokar ta-ɓaci da aka kafa a watan Mayu na 2003. Ruwa ne ya buɗe ƙofar, ɗaruruwan ƙungiyoyi suka kwararo ciki.

To, mai karatu ya ɗauki misalin ɗaya daga cikin irin waɗannan masu sa kai. Yakan sauka daga jirgi da zuciya cike da niyyar ceton rai, sai ya tarar an riga shi. Wanda za a janyo daga cikin taɓo, maƙwabcinsa ya janyo shi tun ranar farko. Gawarwaki kuwa 'yan sa kai na Red Cross ta Indunusiya da sojoji da samarin gari sun yi ta kwasa suna binnewa, har kabarin bai ɗaya na Siron kaɗai ya ɗauki fiye da mutum 46,000. Babban rahoton da ƙungiyoyin agaji da kansu suka fitar a 2006, bayan sun bi diddigin aikin, ya tabbatar da cewa mutanen wurin su ne suka yi kusan dukan aikin ceto na kwanakin farko. Abin da ya rage wa baƙo shi ne shebur da baro: kwashe laka daga ajin makaranta, kafa tanti, yasar rijiya. A nan ne ake fara gane wanda ya zo don jama'a da wanda ya zo don a gan shi.

Ko yasar rijiyar ma tana da nata ilimi. Ruwan teku ya malale rijiyoyi ya bar su da gishiri, baƙo kuwa ga shi da sabon injin zuƙar ruwa da ƙarfin kuruciya. Sai ya ga ai magani shi ne a zuƙe rijiya ƙarƙaf. Alhali a rairayin gaɓa ruwan daɗi yana kwance ne bisa ruwan gishiri, idan aka matsa da zuƙa sai na gishirin ya taso daga ƙasa, rijiya ta ƙara lalacewa. An ga haka a gabashin Siri Lanka. Abin da ya fi wanke rijiyoyi da gonakin shinkafa daga baya shi ne ruwan sama da haƙuri.

Haka kuma kayan da aka yi ta aikowa ba tare da an tambaya ba. An sauke rigunan sanyi masu kauri a Siri Lanka, ƙasar da gaɓarta ba ta san hunturu ba. An jibge magunguna a Aceh, da yawa bayaninsu da harsunan da ma'aikatan asibitin wurin ba su iya karantawa, wasu kuma wa'adinsu ya kusa ƙarewa, ya zamana an ƙara wa masu makoki aikin tantancewa da ƙonawa. Jiragen kamun kifi su ma an sassaƙa wasu cikin gaggawa da ɗanyen katako, bisa fasalin da bai dace da tekun wurin ba, masunta suka karɓa da godiya suka jingine su a bakin gaɓa. Ga shi kuwa masuntan Aceh suna da tsohuwar sarautarsu ta gargajiya, Panglima Laot, kwatankwacin sarkin ruwa, wanda ya san irin jirgin da kowace gaɓa ke ɗauka, shi ke raba gardama tsakanin masunta, shi ke kula da ranakun da ba a shiga teku. Inda aka zauna da shi kafin a sari katako, aiki ya fi yin kyau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aikin da ya fi cin rai shi ne gina gidaje, domin kafin a aza tubali tilas a san filin na wa ne. Ruwa ya share shinge da itatuwan da ake gane iyaka da su, takardun ofishin filaye sun jiƙe da laka, masu filayen da dama sun rasu, wani gida ma yaro ɗaya ya rage. Saboda haka sai aka koma ga mai gari, wanda suke kira keuchik, a zauren salla da taro na ƙauye, watau meunasah. Waɗanda suka tsira su fito su taka filin da ƙafa, wannan ya ce nan rijiyar wane take, wancan ya ce nan bishiyar kwakwar wance take, a kafa turaku, maƙwabta su sa hannu. Mai sa kai yana riƙe da igiyar awo da littafi, yana jiran tafinta ya juya masa magana, wani lokaci a shafe yini a kan taku goma na ƙasa. Idan ya ƙosa ya yanke hukunci da kansa, ya cuci maraya bai sani ba.

Daɗin daɗawa, taron da yake zaune a ciki galibi na maza ne. Rahoton ƙungiyar Oxfam na watan Maris 2005 ya nuna cewa a wasu ƙauyukan gundumar Aceh Besar mazan da suka tsira sun kusa ninka mata sau 3, domin ruwa ya tarar da mata a gida suna ƙoƙarin ɗaukar yara da tsofaffi, da yawa kuma ba su iya iyo ko hawan itace ba. Wanda bai nemi 'yan matan da suka rage ya ji ta bakinsu ba, yakan gina gida ya manta da inda za a ɗora tukunya da inda za a ɗebo ruwa. A watan Afrilu na 2005 gwamnati ta kafa hukumar BRR ƙarƙashin Kuntoro Mangkusubroto don ta daidaita wannan tururuwar ƙungiyoyi, kafin a rufe ta a 2009 kuwa an gina gidaje wajen 140,000.

Kuɗin baƙi su ma sun zo da nasu ciwo. Mutanen Indunusiya suna da aikin gayya da suke kira gotong royong, inda ƙauye ke fita ya share hanya ko ya gyara masallaci ba da lada ba. Da aka shiga biyan mutane kuɗin yini don su kwashe tarkace, abin ya sa hatsi a tukunya, amma a wasu wuraren an koka cewa gayya ta yi rauni, kowa na jiran a faɗi nawa za a biya. Hayar gida ta tashi a Banda Aceh, tsadar kaya a ƙarshen 2005 ta haura kashi 40 bisa 100, ma'aikata masu ilimi kuma suka riƙa barin aikinsu suna komawa tafinta ko direban ƙungiyoyi, domin can ne albashi ya fi tsoka.

Akwai kuma abin da baƙo zai koya idan ya kasa kunne. Tsibirin Simeulue yana daf da inda girgizar ta taso, mutanensa wajen 78,000, amma 7 kaɗai ruwan ya ci. Dalili kuwa, tun bayan wata igiya da ta yi musu ɓarna a 1907, kakanni suka riƙa gaya wa jikoki labarin abin da suke kira smong: in ƙasa ta girgiza ƙwarai, teku kuma ya janye, kada a tsaya tsintar kifi, a gudu kan tudu. Ba su da na'ura ko ɗaya, sai da aka kai 2006 kafin tsarin gargaɗi na Tekun Indiya ya fara aiki.

To, ashe zuwan baƙo bai yi amfani ba ke nan? Ya yi, ƙwarai kuwa. Asibitocin tanti sun yi jinyar waɗanda laka ta shiga huhunsu da waɗanda raunukansu suka ruɓe, jiragen sama masu saukar ungulu sun kai abinci gaɓar yamma inda hanya ta yanke, babbar annobar da aka ji tsoro kuma ba ta ɓarke ba. A Lampuuk, inda masallacin Rahmatullah ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar kufai, Red Crescent ta Turkiyya ta sake gina ƙauyen. Idon duniya da ke kan lardin yana cikin abin da ya taimaka aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Helsinki ran 15 ga Agusta 2005, da shiga tsakanin Martti Ahtisaari, tsohon shugaban ƙasar Finlan, yaƙin shekara kusan 30 ya tsaya. Ban da wannan duka, zuwan nasa ta'aziyya ce. Mai zuwa ta'aziyya ya san ba zai dawo da mamaci ba, yakan zo ya zauna ne don kada mai rashi ya ga an bar shi shi kaɗai. Mutanen Aceh sun gane haka, shi ya sa a filin Blang Padang suka kafa alluna na godiya ga ƙasashe 53, kowace da kalmar godiya cikin harshenta.

Saboda haka duk wanda zuciyarsa ta motsa zuwa irin wannan aiki, ya fara auna kansa tun yana gida. Wace sana'a ce a hannunsa wadda babu ita a can? Mako nawa zai iya zama, tunda gina gari aikin shekaru ne? A ƙarƙashin wa zai yi aiki cikin 'yan ƙasa? In amsar ba ta fito ba, kuɗin jirginsa zai fi amfani a hannun kafintan wurin da ya rasa kayan aikinsa. In kuwa ta fito, ya tafi, ya ɗauki gefen jinkar da aka nuna masa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa takan taimaki shuka kafin rana ta ɗaga, amma kaba ce ke nan rani da damina.

Masuntan Aceh sun sa 26 ga Disamba cikin ranakun da ba a shiga teku. Ranar sukan ɗaure jiragensu, su tafi bakin kaburbura su yi wa nasu addu'a. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka wa kowane mai taimako gwargwadon niyyarsa, amin.