Yadda Ake Buga Zane Da Hannu

Ya ku yaran makaranta, kowannenku ya taɓa ganin hatimi a ƙarshen takardar sarki ko ta alƙali. An sassaƙa shi sau ɗaya, amma yana iya sa alamarsa a takarda dubu, ba wadda za ta bambanta da 'yar'uwarta. To, wannan shi ne asalin sana'ar da muke so mu yi muku magana a kanta yau, watau buga zane. Mu malamai mun lura yawancin yara suna zaton bugu sai da injin. Alhali kuwa an yi shekaru ɗaruruwa ana bugu da hannu tun ba a ƙago injin ba.

Mutanen Sin su ne suka fara yin suna a wannan aiki. Sukan sassaƙa rubutu da zane a kan allon itace, su shafa tawada, su ɗora takarda. Akwai wani littafin addinin Buda da aka buga haka a shekarar 868, yana nan ajiye a Landan har yanzu. Sai wajen 1450 Gutenberg ya fito da nasa injin a birnin Mainz na ƙasar Jamus.

Hanyoyin bugu huɗu ne. Ta farko, a sassaƙe inda ba a so, tawada ta hau inda aka bari a tudu, kamar hatimi. Ta biyu kishiyarta ce: a ƙwarzana zanen a farantin jan ƙarfe, a cusa tawada cikin ƙwarzanen, a goge sama, sa'an nan a matse damshin takarda a kai da ƙarfi har ta tsotso tawadar. Ta uku ita ce wadda Alois Senefelder ya gano a 1796: a yi zane da abu mai maiƙo a kan dutse, a jiƙa dutsen, tawada mai mai kuwa sai ta kama zanen kaɗai, domin mai da ruwa ba sa haɗuwa. Ta huɗu, a yanke siffa a takarda mai kauri, a shafa launi ya bi ta kafar.

Ta farkon muke koya wa mafara, don kayanta ba sa cin kuɗi. A samo dankali ko doya, a raba biyu da wuƙa mai kaifi, yanka ɗaya, don fuskar ta yi sumul. A tsane ruwan da tsumma. A zana abu mai sauƙi, kamar ganye ko kifi, sa'an nan a bi gefen zanen da 'yar wuƙa a cire abin da ke kewaye da shi. Wuƙar kullum ta fuskanci waje, ɗaya hannun kuwa ya tsaya a bayanta. Tawada kuma, baƙin tukunya da ƙaro sun isa, amma a dama ta da kauri, in ta yi ruwa sai ta cika ramukan zanen ya dagule. A shafa kaɗan, a danna kan takarda, a ɗaga tsaye ba tare da an murza ba.

Dankali ba ya kwana biyu bai yanƙwane ba. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya koma ga sakaina, yadda Asantawa na ƙasar Gana ke sassaƙa ƙwarya suna buga alamun adinkira a tufafi, ko kuwa ga allon itace mai taushi. A kan allo, takarda ake ɗorawa bisa, a murza bayanta da bayan cokali a hankali, har ko'ina ya kama.

Abu biyu muke so ku riƙe. Na ɗaya, abin da ke dama a allo hagu zai fito a takarda. Saboda haka mai son buga sunansa sai ya sassaƙa shi a juye, ya duba a madubi tukuna. Na biyu, abin da wuƙa ta cire ba ya komowa, abin da ta bari kuwa zai fito a kowace takarda.

Ga misali. A 1515 aka kawo karkanda daga Indiya zuwa Lisbon. Albrecht Dürer, wani gwanin zane na Jamus, bai gan ta da idonsa ba, sai wasiƙa da ɗan zanen wani suka zo masa. Ya zana ta kamar mai sanye da sulke, har da wani ƙaramin ƙaho a doronta, wanda karkanda ba ta da shi. Aka sassaƙa, aka buga, aka yi ta sayarwa. Fiye da shekara 200 mutanen Turai suna kwaikwayon wannan zane a littattafai suna tsammani haka dabbar take. Zanen ya yi kyau ƙwarai, amma kuskuren mutum ɗaya ya zama sanin dubbai. Don haka muke ce wa yaranmu, kafin ku zana akuya ku je ku dubi akuya.

Kada kuwa ku raina aikin don an fara shi da doya. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatun zane a Zariya daga 1957, da bugun zane sunansa ya kai ƙasashen duniya. Yaron da ya iya wannan yana iya yi wa makarantarsu taswira ko hotunan darasi, kowane ɗan aji ya sami nasa. Ku gwada a wannan hutu, ku kawo wa malamanku su gani. Allah ya ba da sa'a, amin.