Amaryar soja a ƙasar finafinai

Ranar da aka ɗaura auren ta a Haɗejiya, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumin 2022, ƙawayen amarya ba su tsaya kan zancen lefe ko sadaki ba. Magana ɗaya ce ke yawo a ɗakin: "Ke, Indiya fa za a tafi da ita!" Angon soja ne mai muƙamin manjo. Ya daɗe bai yi aure ba saboda shekarun da ya shafe a bakin daga a Jihar Borno, kuma an zaɓe shi zuwa kwas na kusan shekara guda a kwalejin horar da hafsoshi da ke Welinton, a kudancin Indiya. Kwalejin ba baƙuwa ba ce ga sojan Nijeriya, domin Olusegun Obasanjo ya yi karatu a can a 1965, Muhammadu Buhari kuma a 1973.

Ita dai amarya ba wannan tarihin ba ne a gaban ta. Tun ta na firamare mayyar fim ɗin Indiya ce. Ta fara da kaset, ta dawo faifan sidi, ta ƙare da fassarar Indiya-Hausa da ake tura mata a waya. Da ango ya ce mata Welinton na kusa da wani gari da ake kira Uti, sai da ta dafe ƙirji. Ai duk mai bin finafinan Indiya ya ga Uti ko da bai san sunan sa ba. A can aka ɗauki sassa na 'Maine Pyar Kiya' na Salman Khan (1989) da 'Raja Hindustani' na Aamir Khan (1996). A kan jirgin ƙasan yankin ne kuma Shah Rukh Khan ya taka rawar nan da ta yi tashe a cikin 'Dil Se' (1998). Wato dai tsakiyar fim za a kai ta, ita da masoyin ta. Me ya rage?

Su ka tashi daga Kano a farkon damina, su ka ya da zango a Adis Ababa, sannan Mumbai. Abin da ta gani na Mumbai, cibiyar finafinan Hindi, bai wuce kujerun filin jirgi ba. Daga nan wani jirgin ya sauke su a Koyimbato, su ka shiga mota ta dinga murɗawa da su kan duwatsun Nilgiri, kwana bayan kwana. Yarinyar da ta tashi a shimfiɗaɗɗiyar fadama, inda mutum ke hango kwale-kwale tun daga nesa, sai ga ta a saman dutse mai tsayin fiye da mita 1,800. Sau biyu aka tsaya ta yi amai.

Wurin kam ya yi kyau, babu ƙarya. Gonakin ganyen shayi kore shar, hazo na sauka har bakin taga. To amma akwai abin da kyamara ba ta ɗauka, shi ne sanyi. A fim sai ka ga jaruma ta na gudu cikin ruwan sama da ɗan siririn sari, ta na murmushi. Ita kuwa baiwar Allah, da ta baro zafin da ke haura digiri 40 a Haɗejiya, rigar sanyi biyu ta ke sawa da safa, kuma wanki sai ya kwana uku bai bushe ba.

Sai batun yare. Ta taho da yaƙinin ta na jin Indiyanci. Ranar farko da ta shiga kasuwar Kunur, garin da ke maƙwabtaka da barikin, ta gane jihar sunan ta Tamil Nadu, yaren mutanen ta kuma Tamil ne, wanda ko dangantaka ba shi da ita da Hindi. Ta ce "pani", su kuwa "tanni" su ke kiran ruwa. Hotunan da ke manne a shaguna ma na Rajinikanth ne da Vijay, su Shah Rukh baƙi ne a nan. A cikin bariki matan hafsoshi da yawa su na yin Hindi, sai dai can ma ta sha dariya. Ashe Indiyancin fim duk na soyayya ne da ɗaukar fansa. Ta iya cewa zuciyar ta ta karye, ta iya rantsuwa sai ta rama, amma ba ta iya tambayar kuɗin tumatur ba!

Duk wannan mai sauƙi ne a kan kaɗaici. Ango ya fita tun da sassafe, ya dawo da tulin takardu da taswira, ya ci abinci, ya duƙufa har tsakar dare. Kwas ne da ake auna kowane ɗalibi, kuma sakamakon na bin mutum har gida, ya shafi ci-gaban sa a aiki. Indiya ta na gaban Nijeriya da awa huɗu da rabi, don haka lokacin da ta ke zaune ita kaɗai da hantsi, mutanen gida ko sallar asuba ba su yi ba. Babbar Sallah ta zo, aka yi idi a Nijeriya ran 9 ga Yuli, Indiya sai ran 10. Ta zauna ta na kallon hotunan hawan Sallar Haɗejiya a waya, ta na share hawaye da bakin mayafi.

Wani dare ta kasa daurewa. Ta ce, "Yallaɓai, wai kawo ni ka yi in yi gadin gida? Wata biyu ke nan, ko Uti ɗin nan da ke bayan mu ba ka kai ni ba." Ya ɗago ido jawur saboda rashin barci, ya ce, "Amarya, ki yi mani haƙuri. Akwai hutu a tsakiyar kwas. Ina tara kuɗin guzuri na, zan kai ki Mumbai, zan kai ki Taj Mahal. Alƙawari ne." Daga ranar ta soma ƙirga kwanaki.

Ba a kai ga hutun ba ruwa ya zo. A watan Satumba na 2022 Kogin Haɗejiya ya cika ya tumbatsa. Kogin na samun ruwan sa ne daga ɓangaren Kano, inda madatsun Tiga da Challawa su ke, kuma a ƙasa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ta yadda idan ya taho da ƙarfi ba ya samun wurin wucewa sai gonaki da gidaje. Ƙauyuka a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri su ka sha ruwa. A cikin Haɗejiya samari su ka dinga kwana su na cika buhuna da ƙasa su na ɗaga jinga don kare gari, ciki har da ƙannen ta biyu. Gidan su ya tsira, amma gonar shinkafar mahaifin ta, wadda ya ci bashin taki ya noma, ta nutse gaba ɗaya.

Ta kira gida ta na kuka, ta ce za ta taho. Mahaifiyar ta ta ce, "Ke 'yar nan, in kin zo kwashe ruwan za ki yi? Zauna ɗakin ki, ki yi mana addu'a." Shi kuwa ango, a daren nan ya ture takardun sa gefe. Ya zauna kusa da ita su na jiran ƙarfe biyu da uku na dare, lokacin da ƙannen ta ke samun sararin ɗaga waya daga bakin jinga. Ya yi ta tambayar su ina ruwan ya kai, ta wane gefe ya ke tsattsafowa, ya na ba su shawara irin ta wanda ya san aikin buhun ƙasa. Da gari ya waye ya sa kaki ya tafi aji. Haka su ka yi kusan mako guda.

Cikin matan bariki, wadda ta fi gane halin da ta ke ciki matar wani hafsa ce ɗan Bangaladash. Dangin ta na yankin Silhet, inda aka yi mummunar ambaliya a watan Yuni na wannan shekarar. Turancin su duka biyun guntu-guntu ne, amma matar ta shigo da kwanon shinkafa da kifi, ta zauna, ta riƙe hannun ta. Ɗanɗanon kifin ya tuna mata da bandar kasuwar kifi ta Haɗejiya, sai kuka ya dawo sabo. Tun daga nan su ka zama kamar ya da ƙanwa.

Da ruwa ya soma janyewa, amarya ce da kan ta ta tayar da maganar. Ta ce, "Yallaɓai, kuɗin Mumbai ɗin nan, nawa su ka kai?" Ya faɗa mata. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "A tura wa Baba. In ya samu injin ban-ruwa da iri da taki, noman rani zai fitar da shi daga bashi." Ya ce, "Kin tabbata? Wannan damar fa ba lallai ta sake zuwa ba." Ta ce ta tabbata, ko da yake ta shiga ɗaki ta yi kukan ta daga baya. Ya ƙara da wani abu daga albashin sa, ya tura.

Da hutu ya zo, wasu su ka tafi Delhi, wasu Agra. Su kuwa su ka taka zuwa 'yar tashar Welinton, su ka yanki tikitin ƙaramin jirgin ƙasan nan mai launin shuɗi, wanda layin sa ya isa Uti tun 1908. Tafiya ya ke kamar ba ya so, ta cikin ramuka da gadoji. Babu mai rawa a saman sa, babu kiɗa. 'Yan makaranta ne ke ihu duk sanda aka shiga duhun rami. Ta juya za ta nuna wa ango wani kwari da ta ke jin ta taɓa gani a fim, sai ta tarar barci ya kwashe shi, kan sa a kafaɗar ta. Ba ta tashe shi ba.

Sun dawo gida a 2023. Da ta je ganin gida, ƙawaye su ka yi mata caa: "Kin ga Shah Rukh? Kin je Mumbai?" Ta ce ba ta ga kowa ba, su ka yi tsaki, wai ta yi asarar tafiya. Ta yi dariya kawai, ta bi mahaifin ta ya nuna mata injin da ke jingine a zaure da buhunan alkamar da ya samu. Har gobe ta na kallon fim ɗin Indiya. Sai dai idan an nuno jaruma ta na rawa a kan tudu cikin hazo, takan ce, "Allah Sarki, wallahi yarinyar nan sanyi ta ke ji."